Yadda Ake Bambanta Injin Silinda Shida na Tsohuwar Motar Tsere da na Motar Gida

A shekarun 1960 kamfanonin mota irin su Triumph ba sa zuba wa motar tsere gangar injin ta daban. Gangar motar gida suke ɗauka, su sake abin da ke ciki da wanda ke kanta. Don haka kada kamannin waje su ruɗe ka idan an kawo maka injin tsohuwar motar gida Triumph 2.5 aka ce zai zauna a TR6, motar tseren kamfanin. Zama kam zai zauna, amma jan ba ɗaya ba ne.

Fara da lambar da aka buga a jikin ganga. CP ta TR5 ce (motar tseren da ta gabaci TR6) da TR6 ta farko masu injekta, CR ta TR6 ce daga 1973, CC kuwa ta waɗanda aka kai Amurka da kafireta biyu. Lamba kaɗai ba ta isa shaida, domin injin da ya haura shekara 50 ya sha hannun makanikai.

Sai ka cire kan injin ka auna tafiyar fistan. Faɗin silinda milimita 74.7 ne a injin Triumph mai lita 2 da mai lita 2.5 duka. Bambancin yana karanshaf, sandar da fistan ke juyawa: fistan na mai lita 2 milimita 76 yake sauka, na 2.5 kuwa 95. Shi ya sa ɗora kan mai lita 2 a kan ganga mai 2.5 ba tare da auna ramin ƙonewa ba ganganci ne. Matsi yana iya wuce ƙima, injin ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa, ƙarshenta fistan ya huje.

Inda ainihin halin injin yake shi ne kamshaf, sandar da ke buɗe bawul. Na TR5 yana barin bawul a buɗe tsawon digiri 280, matsin injin 9.5:1, ƙarfinsa doki 150. Salun 2.5 PI, wato motar gidan Triumph, mai girman inji iri ɗaya da injektar Lucas iri ɗaya doki 132 take bayarwa, saboda kamshaf ɗinta mai sanyin hali ne: tana ja tun daga ƙasa, tana tsayuwa lafiya lau a silo. Na tsere kuwa a silo rawa yake, sai ya ɗau wuta yake nuna kansa. Wanda ya sa kamshaf na tsere ya bar distiribita da ma'aunin fetur na salun, zai samu injin da ke shan mai yana baƙanta filogi, ga shi ba gudu. Ukun nan tare ake saita su. Injektar kuma tana son famfo ya riƙe matsi sama da psi 100 kaɗan. Da ya yi ƙasa, sai tari da mutuwa idan mota ta yi zafi.

Kaskon baƙin mai da ƙafafun inji su ne ke cin lokaci ranar ɗorawa. A Datsun abin ya fi fitowa fili: zurfin kaskon 240Z, motar tserenta, yana baya, na yawancin salun masu irin injinta L24 yana gaba. Dole a sake kasko, da bututun zuƙar mai, da gurbin sandar awo.

Kafin ka biya kuɗin kowane injin Triumph, sa ƙarfe ka tura fulin karanshaf gaba da baya, da agogon awo a jikinsa. Wasan da aka yarda da shi inci 0.006 zuwa 0.008 ne. Idan ido ma yana ganin motsin yayin da aka taka kuloci, woshoshin da ke tare karanshaf sun cinye, wataƙila ma sun faɗa kasko, kuma karanshaf ya fara cin gangar kanta.