Kibod ɗin tsohuwar kwamfuta na ba ka matsala? Duba waɗannan kafin ka yi fomatin

Wani lokaci kwamfutar teburi sai ta fara abin mamaki, harafi ɗaya ya yi ta rubuta kansa har ya cika layi, ko ka danna fayil ɗaya ta zaɓo maka goma, ko kana kunna ta ta hau ƙara tit tit tit ba tsayawa, nan take sai a ce bairos ne a yi fomatin. Dan Allah dakata tukuna, sau da yawa maɓalli ɗaya ne kawai ya maƙale. In Shift ne ya maƙale shi ke sa fayiloli su zaɓu da yawa, in kuma Ctrl ne za ka ga kana murza tayar maus shafi yana girma yana ƙanƙancewa. Bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya da yatsa ka ji wanda ba ya dawowa sama.

Sai ka leƙa bayan sifiyu ka ga irin bakin wayar kibod ɗin. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da PS/2, wato zagayayyen baki mai 'yan siraran ƙarafa a ciki, mai ruwan shunayya na kibod ne kore na maus, kuma mutane suna yawan musanya su saboda girmansu ɗaya. Wannan bakin ba kamar USB ba ne, kar ka cire ko ka saka shi kwamfuta tana kunne, yawanci ba za ta gan shi ba sai an sake kunnawa, kuma yana iya lalata ramin a jikin madabod, wato babban allon da ke cikin sifiyu, wanda gyaransa ya fi kuɗin kibod nesa ba kusa ba. Kashe kwamfutar, zare wayar kibod ɗin a hankali, haska cikin bakinta da tocin waya, in wani ƙarfe ya lanƙwashe ka miƙe shi da tsinke sannu sannu don yana saurin karyewa. In na USB ne canza masa rami, ka fi amfani da na baya.

Yanzu kunna ka zuba ido a kan 'yan fitilun nan uku na saman dama na kibod ɗin, ya kamata su ƙyafta. Danna Num Lock, in fitilar tana kamawa tana mutuwa to kibod da kwamfuta suna jin juna. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta buɗe, da zarar ka kunna sai ka danna F2 a Dell, F10 a HP, wasu kuma Delete. In yana aiki a can amma ba ya yi a Windows to kibod lafiyarsa ƙalau, saiti ne.

A saitin ka fara da Filter Keys, wato saitin Windows da ke sa a yi watsi da dannawar sauri, riƙe Shift na dama daƙiƙa 8 yana kunna shi, yara na yin haka ba su sani ba, daga nan sai ka ga dole ka danne harafi da daɗewa kafin ya fito. Je Control Panel, Ease of Access, cire alamar. In kuma @ kake nema yana ba ka " to tsarin Ingila da na Amurka ne suka musanya, gyara a wajen yare. In ka kasa sa fasuwod ma, akwai kibod na kan sikirin a wannan Ease of Access ɗin tun a shafin shiga, da maus za ka danna.

Ƙurar hunturu kuwa tana cika ƙasan maɓallai sosai musamman a shaguna da kafe. Cire waya, kifa kibod ɗin ka bubbuga bayansa, share da busasshen buroshi. In shayi mai siga ne ya zube ɓalle maɓallan wajen ka goge danƙon, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka jona, amma ɗauki hotonsa da waya tukuna don ka san inda kowanne zai koma.

In duk ba su yi ba aro kibod ɗin wani ka gwada kafin ka kashe kuɗi. In za ka sayi sabo na USB kana so ka jona shi a ramin PS/2 da ƙaramin adafta, a gwada maka shi a shago, ba kowane kibod ke karɓar adaftan ba.