Kurakuran da ke sa ƙwaro ya cinye maka lambu kana kallo

Na gaji da amsa tambaya ɗaya: me ya sa ƙwaro ke ta cinye lambu duk da magani? Mutum ya dasa inabi ko wardi ko wake a bayan gida, ya wayi gari ya tarar ganye ya koma kamar rariya, jijiyoyi kaɗai suka rage, sai ya ruga ya sayo duk abin da aka ce yana kashe ƙwari. Bayan mako biyu ya dawo yana cewa abin sai ƙaruwa yake yi. Ai dole ya ƙaru, tunda rabin abin da sababbin masu lambu ke yi wa ƙwarin nan masu taurin baya taimako ne, ba yaƙi ba.

Zan fi kafa misali da ƙwaron Japan, wanda masana ke kira Popillia japonica, domin an yi nazarinsa sosai. Tsawonsa kamar santimita ɗaya ne, kai kore mai sheƙi, fukafukai ruwan jan ƙarfe, da ɗigon farin gashi a gefen ciki. An fara ganinsa a Amurka a 1916 a jihar New Jersey, ya ɓulla a arewacin Italiya a 2014, kuma yana cin tsirrai sama da iri 300. Danginsa da dama tafiyarsu ɗaya: uwa ta yi ƙwai cikin ƙasa, gwazarma ta ƙyanƙyashe ta ci saiwa, babba ya fito ya hau ganye.

Babban kuskure shi ne tarko. Ina nufin jakar nan da ake ratayewa, mai sinadari iri biyu, ɗaya ƙamshin fure, ɗaya warin da macen ƙwaron ke jawo namiji da shi. Tarkon yana aiki, shi ya sa yake ruɗar mutane. Da yamma ka je ka ga jaka ta cika maƙil tana motsi, ranka ya yi fari, ka ce ka gama da su. Waɗanda ba su faɗa jakar ba fa? Sinadarin yana kiran ƙwari daga lambunan da ba naka ba, da yawansu kuwa ba sa shiga, sai su sauka kan shukar da ta fi kusa. Binciken Jami'ar Kentucky ta Amurka ya nuna tarkon yana jawo fiye da abin da yake kamawa. Ni ma ya taɓa ci mini rumfar inabi: na rataye shi a jikin sandar rumfar, jaka na cika, ganye na ƙarewa daga sama zuwa ƙasa, 'ya'yan suka tsaya a rana ba inuwa har suka ƙone. In ƙaramin lambu gare ka, kada ka saya. In an riga an sayar maka, kai shi can ƙarshen fili, aƙalla mita 10 daga duk abin da kake so, ka riƙa juye shi kullum.

Na biyu, feshi da rana tsaka a kan shuka mai fure. Wannan kam yana ɓata mini rai. Malam, ka tsaya ka dubi furen kafin ka matsa famfo. Ƙudan zuma na kai, ƙananan zanzaro masu cin ƙwari na kai. Magani irin su carbaryl ba ya tambayar wane ne ɓarawo wane ne mai gadi. Ka kashe ƙwarin da ke kan ganye yau, jibi wasu su taso daga maƙwabta, domin suna tashi nesa, amma masu haɗa maka barbarar fure da masu cinye maka ƙananan ƙwari ba su dawo ba. Sai ka ga kabewa ta yi fure ta zubar ba ɗa, wasu ƙwarin da ba ka taɓa fama da su ba sun rufe bayan ganye, kana ta zargin iri. Kuma don Allah a daina ninka awo. Abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ne awo, ƙari ba ya ƙara kisa, ganye yake ƙonawa ya bar dafi a kan abin da za ka ci.

Abin da nake yi ba shi da daɗin faɗa, shi ya sa ake raina shi. Bokiti, ruwa rabi, ɗan sabulu. Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, sanyi ya sa ƙwaron ya yi nauyi ba ya iya tashi. Ɗabi'arsa in an taɓa shi ya naɗe ƙafa ya saki jiki ya faɗo, don haka bokitin ake fara karawa a ƙarƙashin reshe, sannan a girgiza. Da rana kuwa kafin ka miƙa hannu ya tashi. Kuma a fara tun ranar da aka ga na farko, saboda ganyen da aka ci yana fitar da wari mai kiran wasu. Ƙwaro biyar da ka ƙyale yau su ne masu gayyar gobe. Babban ƙwaron Japan kwana 30 zuwa 45 yake rayuwa, ba aikin shekara ba ne. Wasu sun fi son man darbejiya. Ina amfani da shi a kan ƙananan shuke-shuke, da yamma kawai, na san yana rage musu ci ne ba kashewa nan take ba, kuma in ruwan sama ya wanke sai an sake.

Sai filin ciyawa. Mutum ya ga wuri ya bushe ya ce gwazarma ce, ya watsa magani ko'ina. Tona tukuna. Yanka ciyawar faɗin ƙafa ɗaya kowane gefe, ka ɗaga. In gwazarma ce, ciyawar za ta taso ba saiwa, ka gan su farare a lanƙwashe, kai ja-ja. In ba su kai kamar 10 ba a wannan ɗan wuri kuma ciyawar na da ƙarfi, mayar ka yi ban ruwa. In sun wuce, lokacin magani shi ne suna ƙanana kusa da sama, makonni kaɗan bayan manya sun gama ƙwai. Wadda ta ƙoshi ta nutse ƙasa ba ta jin magani sosai. Kada kuma ka ɗauka tsabtace filinka zai hana manya zuwa kan ganyenka.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Yawan ban ruwa lokacin da manyan ƙwarin ke yin ƙwai gata ne a gare su, don ƙwan ba ya jure busasshiyar ƙasa. Ƙananan tsutsotsin nan masu kashe gwazarma da ake sayarwa da rai, rana na kashe su. Da yamma ake zubawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Rufe shuka da raga yana da kyau, amma a buɗe in ta fara fure. Garin wanki mai ƙarfi na bokiti ne, ba na fesawa a ganye ba. Jan ƙwaron nan mai baƙin ɗigo, yawancin irinsa ƙananan ƙwari yake ci, ka kalli bakinsa a kan me yake kafin ka murje shi. Babbar bishiya mai lafiya kuwa, ko ta rasa ganye da yawa a shekara ɗaya takan sake tohowa. Ƙarfinka ya tafi kan dashen bana da kayan lambu.