Ciwon ɓarin kai ga mai juna biyu: yadda na lallaɓa

Tun ina 'yar makaranta nake fama da ciwon ɓarin kai. Nawa gefen hagu yake kamawa, ido ya yi ta walƙiya, daga nan sai amai. Da na samu cikin fari, ranar awon farko malamar asibiti ta karɓe Cafergot, maganin ɓarin kan da na saba sha. Ta ce yana matse mahaifa, yana iya jawo ɓari.

Abin da ya rage mini shi ne paracetamol: ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa huɗu tsakani, kada a wuce ƙwaya takwas cikin awa 24. Ki sha da zarar kin ji alamarsa, don in ya riga ya zauna, sai dai haƙuri. Ibuprofen da diclofenac kuwa, ko mai kemis ya miƙo miki, ki mayar masa, musamman daga mako na 20, saboda suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki. Mai shan valproate ko topiramate don rigakafi ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki.

Yunwa ce babbar abokiyar gabata. Laulayi ya hana ni ci, rashin ci ya tayar da kai. Sai na koma ci kaɗan-kaɗan: kunu da sassafe, dabino da gyaɗa a jaka, gorar ruwa kullum a hannu. Turaren wuta na haƙura da shi wata tara, duk da surukata ta ce ɗakina ya zama na gwauro. Shayi kofi ɗaya nake sha, ban yanke shi lokaci guda ba, domin yankewar ma tana kawo ciwon kai.

In ya taso, ɗaki mai duhu, tsumma a ruwan randa a ɗora a goshi, waya a kashe, yara a kai maƙwabta.

Ni da na shiga wata na huɗu ya lafa, kuma mata da yawa haka suke samu. Amma 'yar'uwa, ba kowane ciwon kai ne naki na da ba. Bayan mako na 20, in ya zo da sabon salo, ko ya ƙi jin magani, ga kumburin fuska da hannu, gani na dishi-dishi, ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, kada ki jira ranar awo. A yi miki awon hawan jini a ranar, a duba fitsari. In ya kai 140/90, maganar hawan jinin ciki ake yi, wanda ke kai mace ga jijjiga. In da zazzaɓi ya zo, a yi gwajin maleriya kafin a sha komai.