Yadda za a tsara wurin shan iska a bakin Binuwai ba tare da an kori kifi da tsuntsu ba

Salam 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa zuwa Kribi ko Limbe ya ga yadda mutane ke zama a bakin teku da yamma suna cin gasasshen kifi yara na wasa a rairayi, in ya dawo Garwa sai ya ce mu ma me zai hana. Toh mu ba mu da teku amma muna da Binuwai, kuma daga watan Maris zuwa Afrilu lokacin da zafi ke wuce 40 babu inda ya kai bakin ruwa daɗin zama. Na ga matasan unguwanni da dama suna kafa ƙungiya da niyyar gyara wani yanki na gaɓar kogi ya zama wurin hutawa na kowa da kowa, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na koya, don wallahi mu mun sha wahala kafin mu gane.

Abu na farko, kar ku sayi siminti ko buhu ɗaya sai kun kalli wurin shekara guda cur, rani da damina. Teku kullum yana cika yana janyewa, mutanen can a yini ɗaya suke ganin iyakarsa, mu kuwa namu sau ɗaya yake cika a shekara, wajen Agusta da Satumba, kuma filin da ka gani a watan Maris shimfiɗeɗɗe mai kyau kamar an share maka shi, a Satumba kwale-kwale ne ke wucewa ta kansa. Mu shekarar da muka fara, mun kafa benci na siminti guda shida mun dasa itatuwa a layi gwanin sha'awa, ruwa ya zo ya kwashe rabin itatuwan, bencin kuma biyu ƙasar ƙarƙashinsu ta zaizaye suka kife, har yau abin na min ciwo don kuɗin karo-karo ne na mutanen da ba su da shi. Ga kuma dam ɗin Lagdo da aka gama a 1982, kusan kilomita 50 sama da mu, in ya cika aka buɗe ƙofofi ruwan da ke saukowa ba ya tambayar kowa, wanda ya ga ambaliyar 2012 ya san abin da nake faɗa. Don haka ku samu tsofaffin masunta da masu lambu su zagaya da ku su nuna muku inda ruwa ke tsayawa a shekarar da aka saba da kuma inda ya kai a shekarar babbar ambaliya, ku duba jikin manyan itatuwa da tsofaffin katangu akwai tabon laka, ku kafa turaku ku shafa musu fenti, ja na babbar ambaliya, fari na cikar kowace shekara. Waɗannan layuka biyu su ne za su raba muku filin gida uku: tudu wanda ruwa ba ya hawa, tsakiya wanda yake hawa wani lokaci, da ƙasa wanda na kogi ne duk shekara sai dai ya ara muku da rani.

Kafin ku ci gaba ku san cewa bakin kogi ba na kowa ba ne balle a ce an sayar muku. A dokar filaye ta Kamaru ta 1974, kogin da jirgi ke iya bi da mita 25 daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika duk mallakar hukuma ne, a bakin teku kuma mita 50. Sai ku rubuta takarda ku kai meri, wato ofishin magajin gari, ta yankinku da ofishin su-firefe, wato wakilin gwamnati a gundumar, ku haɗa da zanen wurin ko da na hannu ne, ku leƙa wajen delegen muhalli da na gandun daji, wato wakilan waɗannan ma'aikatu a yankin. Amma kafin duk wannan ku fara gaida jauro da lawan, masu sarautar wurin, in akwai sarkin ruwa shi ma a je masa da goro, don takardar ofis ba ta hana rigima in mutanen wurin ba su yarda ba.

Mutanen wurin kuwa su ne aikin da ya fi cin lokaci kuma shi ne matasa suka fi tsallakewa. Babu gaɓar da ba ta da masu ita. Akwai mata masu wanki da safe, akwai masu wankin moto, wato babur, masu ɗiban yashi, masunta da inda suke ɗaure jiragensu da inda suke shanya koma, makiyaya da hanyar da shanu ke bi su sha ruwa, masu lambun albasa da latas da ke bin ruwa yana janyewa suna shuka. Ku je wurin da asuba, ku je da azahar, ku je da la'asar, ranar Juma'a da ranar Lahadi, ku rubuta wa ke zuwa, ta ina yake shigowa, a ina yake tsayawa. In kuka zana filin ƙwallo a kan hanyar shanu to kun san yadda za ta ƙare. Sannan in za ku kira taro kar ku tara kowa wuri ɗaya ku ce kun ji ra'ayin jama'a, mata ba za su yi magana gaban dattawa ba, a samu wata inna ko hajiya da ake jin maganarta ta zauna da su daban. Mu a wajen matan ne muka ji cewa abin da ya fi damunsu ba benci ba ne, matakala suke so ta sauka ruwa da wurin da yara za su zauna a inuwa suna ganinsu, da banɗaki mai ƙofa.

Yanzu tsarin kansa. Duk abin da ya ci kuɗi ya hau tudu, bayan layin ja: banɗaki, rumfar mai gadi, wurin sallah, rumfunan masu shayi da masu gasa kifi, lilon yara. Banɗaki musamman, ya yi nesa da ruwa da kowace rijiya aƙalla mita 30 kuma ramin kar ya kasance inda ambaliya za ta cika shi ta kwaso abin da ke ciki ta kai wa masu wanki. A tsakiya sai abin da in ruwa ya hau ba a yi asara ba, filin ƙwallo na ƙasa, hanyar tafiya da aka zuba wa jan tsakuwa, benci na katako ko ƙarfe da za a iya ɗaukewa a watan Yuli a mayar a Nuwamba. Ƙasa kuwa kar a gina komai, tabarma da rumfar zana sun isa.

Ɓangaren da na fi so a kula da shi shi ne na halittun wurin, don mutane da yawa in an ce gyara abin da suke fahimta shi ne a sare ciyawa a ƙone a share tas. Wannan ciyawar da ke bakin ruwa, burugu da sauransu, in ruwa ya hau kanta nan ne karfasa da tarwaɗa da bargi ke shiga su yi ƙwai, 'ya'yan kifi su ɓuya su yi girma kafin su koma cikin kogi, ka share ta ka rage kifin da masunci zai kama baɗi. Saboda haka ku ware yanki guda, ni dai ina ganin kashi ɗaya cikin uku na tsawon gaɓar bai yi yawa ba, ku ce nan ba a shiga, ba wanki ba moto ba ƙwallo, kuma ba kamun kifi da gidan sauro, wannan ɗabi'ar tana kwashe har ƙananan da ba su kai ɗan yatsa ba. Ku zaɓi gefen da dama can tsuntsaye suka fi sauka, za ku ga zalɓe da balbela da kirinjijiya, daga Oktoba zuwa Maris kuma ga baƙin tsuntsaye da ke gudo sanyin Turai. Wasu a kan tsibirin yashi suke ƙwai da rani, a fili kawai ba sheƙa, yaro ɗaya da kare ya isa ya watsa su, wasu kuma ramuka suke haƙawa a jikin gaɓa mai tsayi, in kun ga bango mai ƙananan ramuka da yawa ku bar shi yadda yake. Muna da makarantar horar da ma'aikatan namun daji nan cikin Garwa tun 1970, ku je ku roƙi wani malami ko ɗalibi ya zagaya da ku safiya ɗaya, abin da zai nuna muku ba kaɗan ba ne.

Maganar zaizaya, ku lura kogi gefen waje na kwana yake ci, gefen ciki kuma yana zuba yashi, to wurin saukar mutane da matakala a gefen ciki ya kamata su kasance. Inda gaɓa ke zubewa a kwantar da ita ta daina tsayuwa kamar katanga sannan a dasa jema layi-layi a gicciye, tsakanin tushe da tushe kamar tsawon tafin hannu, saiwarta tana nutsewa mita biyu har fiye kuma ruwa ya rufe ta ba ta mutuwa. In wurin ya ci sosai sai an sa duwatsu cikin ragar waya a gindi, wannan kam ku nemi wanda ya san aikin.

Itatuwa kuma kowanne da mazauninsa. Inda ruwa ke kwanciya a sa giyayya da bagaruwa, suna jurewa. Sama kaɗan ɓaure da kanya da giginya, tsuntsaye na son 'ya'yansu. A tudu maɗaci da tsamiya da gawo, shi gawo ma da rani yake ganye lokacin da ake neman inuwa ido rufe. Dogon yaro yana saurin girma, a sa kaɗan wajen rumfuna don a samu inuwa da wuri amma dan Allah kar a cika wurin da shi, ba ɗan ƙasar nan ba ne kuma ba abin da ke tsirowa da kyau a ƙarƙashinsa. Na tudu a dasa a Yuni ko Yuli da ruwan sama ya zauna, rami rabin mita faɗi rabin mita zurfi da taki, na ƙasa kuma sai ruwa ya janye wajen Oktoba zuwa Nuwamba ƙasa na da danshi, su samu wata tara suna kama ƙasa kafin wata cikar. Kowane dashe a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, kuma gara hamsin da za ku iya ba ruwa rani biyu da ɗari biyar na ɗaukar hoto.

Akwai abubuwa biyu na tsaro da ba wasa. Dorina tana cikin kogin nan, da dare take fitowa kiwo kuma hanya ɗaya take bi, in kun ga sawunta kar ku toshe hanyar kar ku sa wurin zama kusa, kuma a rufe wurin in duhu ya yi. Na biyu tsargiya, katantanwar da ke ɗauke da ita tana son ruwa mara gudu mai ciyayi, irin kududdufan da ke saura bayan ruwa ya janye, nan ne kuma yara suka fi son wanka, sai a sa allo da zane a gaya wa iyaye, yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti akwai magani. Ramukan masu ɗiban yashi ma suna cin yara don ba a ganin zurfinsu, a yi yarjejeniya da su kan inda za su tsaya. Fitilar sola a sa a tudu tana kallon ƙasa, kar a haska yankin tsuntsaye.

Sai kuɗin kula da wurin, wanda shi ke kashe yawancin irin wannan aiki bayan an yi bikin buɗewa an watse. Tun ranar farko ku san wa zai share, wa zai wanke banɗaki, wa zai kai shara inda motar shara ke ɗauka, da me za a biya shi. Shiga ya zama kyauta don wurin na jama'a ne, amma masu rumfa su biya ɗan abu duk wata, banɗaki da ajiyar moto a sa musu kuɗi kaɗan, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a allo kowa ya gani ƙarshen wata. Leda kuwa duk da an hana siririyar tun 2014 har yanzu ita ce ta fi yawa a bakin ruwa, don haka kowane mai rumfa da rabin duro nasa na shara kuma shi ke da alhakin gabansa. A kwamiti a sa masunci ɗaya, mace ɗaya daga masu wanki da wakilin makiyaya, su ne ke wurin kullum, su za su fara ganin in gaɓa ta tsage ko wani ya shiga yankin da aka hana. Bayan kowace cika kuma, wajen Nuwamba, a sake zagayawa da fenti a duba turakun nan, inda ruwa ya wuce layi a matsar da shi.