Kurakuran da sababbi ke tafkawa a kwas ɗin tuƙin yashi da laka

Wanda ya fi ba malami wahala a kwas ɗin tuƙin daji shi ne direban da ya shekara goma yana zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna. Sabon direba yakan saurara. Tsohon hannu kuwa ƙafarsa ta riga ta haddace kwalta, da ya ji mota ta yi nauyi sai ya danna totur. Da irin wannan girman kan na je nawa kwas ɗin, kuma kafin azahar ɗin ranar farko na binne Hilux har ciki a yashin wani busasshen rafi. Malamin bai yi faɗa ba. Shebur ya miƙo mini, ya koma inuwa ya zauna.

Laifina na farko tun kafin in tayar da mota na yi shi: ban rage iskar taya ba. A kwalta yawancin waɗannan motoci suna tafiya da iska wajen 30 zuwa 35 a geji. Taya mai tauri haka yankar yashi take yi tana nutsewa. In aka sauke ta zuwa 16 ko 18, sai ta baje, wurin da take taka ƙasa ya ƙara tsawo, motar ta hau saman yashin kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi ke yi. Mutane suna jin tsoron wannan, don an saba ganin taya mai laushi a matsayin matsala. Abin da za a kiyaye biyu ne. Kada a karya kwana da ƙarfi, don taya na iya saɓulewa daga wili. Sannan a mayar da iskar kafin a hau kwalta, in ba haka ba tayar za ta ɗau zafi ta lalace daga ciki. A daji babu mai faci, saboda haka geji da famfo su zauna a mota kullum.

Sai maganar giya. Motar da 'yan'uwanmu na Nijar ke kira kat-kat tana da ƙaramin hannun giya na biyu ko maɓalli mai 2H da 4H da 4L: a 2H tayoyin baya kaɗai ke tura mota, a 4H da 4L kuwa duka huɗun ne, wato ƙafa huɗu. Sababbi sukan jira sai sun kafe kafin su tuna da shi, alhali tun mota na kan ƙasa mai tauri ake saka ƙafa huɗu. 4L kuwa sai an tsaya cak an sa furi, kuma aikinta ƙarfi ne da tafiyar hawainiya, don hawa da gangara da duwatsu. A tsofaffin Hilux da Land Cruiser irin na ƙungiyoyin agaji akwai ɗan makulli a cibiyar tayoyin gaba, mai rubutun FREE da LOCK. In ba ka sauka ka murɗa shi ba, ko ka ja hannun giyar, tayoyin baya kaɗai ke tura ka. Na ga wanda ya rantse motar ce ta lalace, ashe makullin ne. Kishiyar wannan kuskuren ita ce mantawa da ƙafa huɗu bayan an dawo busasshiyar kwalta. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya nisan tafiya, kuma a irin waɗannan motoci babu abin da ke raba musu bambancin, sai ƙarfen ya riƙa murɗuwa har wani abu ya karye.

Yanzu ga totur, uban matsaloli. Da taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, kowane daƙiƙa rami take haƙa wa kanta. Ɗaga ƙafa nan take. Gwada ribas a hankali kan sawun da ka riga ka danne, sau da yawa shi ke nan ka fita. In ta ƙi, sauka ka share yashin gaban tayoyi huɗun, ka ƙara rage iska, ka shimfiɗa farantin da ake sa wa ƙarƙashin taya ko rassan itace. Minti goma ne in ka tsaya da wuri, awa biyu ne in ka bari cikin motar ya zauna a ƙasa. A yashi ana son gudu madaidaici wanda ba ya yankewa, a zaɓi giya tun kafin a shiga, don taka kuloci a tsakiya yana kashe tafiyar. Tsayawa ma da dabara: saki totur yashin ya tsayar da kai, birki mai ƙarfi tudu yake tarawa a gaban taya. Direbobin hanyar Agadas zuwa Bilma sun san cewa yashin asuba ya fi ɗaukar mota, na tsakar rana ya fi laushi. 

Wani ɗan ƙaramin abu: kada ka zura manyan yatsunka cikin sitiyari. In taya ta bugi kututture, sitiyarin yakan fizge da ƙarfin da zai iya targaɗa yatsa. Ɗora su a kan da'irar.

A tudu, miƙe ake hawa, miƙe ake sauka. Mai koyo in ya ga mota ta gaza a tsakiyar hawa, zuciyarsa takan ce ya juya, kuma a nan ake kifewa, don doguwar mota in ta ba gangara gefenta ba ta da wuyar faɗuwa. Taka birki, sa ribas, ka sauko da baya a miƙe, injin na riƙe da kai. Haka in za ka gangara: 4L, giya ta ɗaya, ƙafa nesa da kuloci. Wanda ya taka kuloci a gangara ya raba injin da taya, ya mayar da motarsa amalanke. Kuma kafin ka haye kan tudun yashi, sauka ka leƙa bayansa. Gefen da iska ke bugawa kwance yake, ɗaya gefen kuwa yakan yanke ne kai tsaye.

Ruwa shi ne inda kuskure ya fi tsada, kuma da damina kowa a ƙauyukanmu yana haɗuwa da shi. Ana cewa Hilux na zamani na iya shiga ruwa mai zurfin santimita 70, amma wannan lissafin ruwa ne mai kwance da ƙasa mai tauri. Ruwa mai gudu in ya kai santimita 60 yana iya tafiya da babbar mota. Naɗe wando, ɗauki sanda, ka taka da ƙafarka ka ji zurfi da ramuka. In ruwan ya fi ƙarfin tsayuwarka, ya fi ƙarfin motar, jira ya janye. In za ka shiga, shiga a hankali, kada ka canza giya har ka fita. In kuma injin ya mutu a tsakiya, kada ka kuskura ka sake murɗa makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga silinda ƙarafan fistin ne za su lanƙwashe. Bayan ka haye, ɗan taka birki kana tafiya don ya bushe.

Da kaka da hunturu kuma a kula da inda ake fakin. Busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin salansa mai zafi tana kama wuta.

Ranar ƙarshe aka koya mana jan motar da ta kafe, kuma nan ne kaɗai na ji malamin ya ɗaga murya. Wani ɗalibi ya rataya igiya a dunƙulen ƙarfen nan na baya da ake jan tirela da shi. Malam ya ce, “Alhaji, cire! So kake garin neman gira mu rasa ido?” Wannan ƙarfen ba a yi shi don fizga ba, in ya ɓalle zuwa yake yi kamar harsashi, kuma ya sha kashe mutane. Akwai wuraren ɗauri da aka ƙera a jikin shasi, su ake nema. A ɗora bargo ko buhu a tsakiyar igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa. Mutum ɗaya tak ke ba da umarni da hannu. Sauran jama'a, musamman yaran da ke taruwa kallo duk inda mota ta kafe, a kora su nesa fiye da tsawon igiyar sau ɗaya da rabi, sannan a fara ja.