Yadda ɗalibin jarida zai haɗo rahoton farashin hatsi a kasuwar Maraɗi

Kafin ka hau kabu-kabu, rubuta tambaya ɗaya tak da rahotonka zai amsa, misali: me ya sa tiyar gero ta tashi a wannan wata? Ka cika wa wayarka caji, amma ka riƙe littafi da biro.

Da ka isa layin 'yan hatsi, fara kai gaisuwa wajen shugabansu. Faɗi sunanka da makarantarka, da inda maganar za ta fita. Kada ka ɗauki muryar kowa ko hotonsa sai da yardarsa. Mata da yawa ba sa so, kuma haƙƙinsu ne.

Wajen lissafi ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka nan za ka natsu. Ɗan kasuwa da dala yake magana, ofis kuwa da sefa yake rubutu. Dala ɗaya sefa 5 ce: in ya ce maka dala 150, sefa 750 ke nan, jika ɗaya kuma sefa 1000. Maimaita masa adadin har ya ce haka ne. Tiya ce ko buhu? Sari ne ko awo? Sabon gero ko na bara? Rubuta ranar, domin farashin kaka daban yake da na tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa.

Bakin mutum ɗaya bai isa labari ba. Ji ta bakin dillali, da uwargidan da ta zo awo, da direban da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta Najeriya. In wani ya ce faɗuwar naira ce ta jawo, taka zuwa wajen 'yan canji ka ji yadda take a ranar. In aka zargi wani da ɓoye hatsi, kada sunansa ya fita kafin ka same shi ya ba da amsa. Mutuncin mutum ne a hannunka. Saƙon muryar WhatsApp da ba ka san mai shi ba, bar shi a waya.

Zauna ka rubuta tun maganganun suna kunnenka. Jimlar farko ta ɗauki farashin, da wurin, da ranar. Dalilai su biyo baya, kowanne da wanda ya faɗe shi. In na rediyo ne, karanta shi da ƙarfi, duk jimlar da numfashinka ya ƙare kafin ta ƙare ka raba ta biyu.