Idan ka ga "Melan-A" a takardar gwajin fata, ga yadda za ka bi da shi

Jama'a in likita ya yanki ɗan nama daga wani baƙin tabo aka kai lab, sakamako ya dawo da Melan-A ko MART-1 (duk abu ɗaya ne), don Allah kar hankalinka ya tashi tukuna. Sunan wani furotin ne da kwayar halittar gado mai suna MLANA take haɗawa, kuma ana samun shi a kwayoyin kansar fata melanoma, amma fa har lafiyayyun kwayoyin da ke ba fata launi suna da shi, shi yasa fitowar shi a gwaji kaɗai ba ta nufin kansa ce.

To me za ka yi? Koma wurin likitan da takardar a hannu, ka tambaye shi me aka gani a madubin lab, sannan an haɗa da gwajin S100 ko SOX10, wasu furotin da su ma ake dubawa wajen gano melanoma? Domin akwai melanomar da Melan-A ba ya nunawa sam. In an tabbatar melanoma ce, tambayi kaurin ciwon, milimita nawa ne.

Mu masu baƙar fata yawanci a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce melanoma take fitowa. Tabon da yake girma, ko gyambon diddige da ya ƙi warkewa, kar a kai wa wanzami, a je asibiti da wuri.